Kan Gwanki a Hancin Mota

Ladan bai gama kiran sallar farko ba na riga na ɗaga bonet ɗin motar, tocila a bakina, ina leƙa ruwan lagireto. Ya cika har wuya. Na zaro sandar baƙin mai na goge a tsumma, na mayar, na sake zarowa. Yana kan layinsa. Duk da haka sai da na ƙara dubawa, don ni haka Allah ya yi ni, ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa kwaɗon.

"Uwata, farauta za mu ko asibiti?" in ji Baba daga zaure.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya iya kama sunana. Shi kuwa duk Tudun Gamji da Tunau maharbi aka san shi, kafin bara ta ƙara masa wani sunan.

Bara ne gwiwarsa ta dama ta ƙi, ya sayi tsohuwar jif gwanjo daga hannun masu haƙar rijiyar burtsatse don ta riƙa kai shi cikin daji. A fitarsu ta uku ta tafasa a Kurmin Maje. Baba ya sa direban da ya ɗauka ya kwara wa injin jarka guda ta ruwan rafi mai sanyi, kamar yadda ake yi wa dabbar da rana ta buga. Kan injin ya tsage. Tarakta ce ta jawo su gida, ta tsakiyar kasuwa, ranar kasuwa. Daga ranar nan Jatau, Sarkin Bakan garinmu, wato shugaban maharba, ya raɗa masa Maharbin Tarakta, yara suka ɗauka. Yayana Sa'adu ya gyara motar, amma da sharaɗi: in aka sake jawo ta daga daji zai sayar da ita, ya tafi da bindigar Baba Kaduna ya kulle. Jiya da yamma ya iso, wai ziyara ya zo. Ni dai na ga dogon buhu babu komai a ciki a bayan motarsa.

Direban ya ƙi dawowa, sai ni. Wata shida motar ta yi a gareji, ni kuma na yi su da littafinta da na tsinta a aljihun gaba, ɓeraye sun ci bangon. Da ƙamus a gefe na karance shi tas. Tuƙin kuwa a filin ƙwallon firamare na koya.

Muna idar da sallah Baba ya fito da rigarsa ta saƙi mai layu, adaka a kafaɗa, wato bindigar toka mai harbi ɗaya, barandami a ƙugu, wuƙar yanka a damtse. Karensa Ƙyale-su ya yi tsalle ya haye baya. Na karanta addu'ar hawa abin hawa sau biyu, ta farkon ban tabbata na faɗe ta daidai ba, sannan na murza makulli.

Allura biyu ne a gaban sitiyarin, ɗaya ta zafin ruwa, ɗaya ta zafin baƙin mai. Kafin gari ya waye sosai mun bar jan titi, ta ruwan ta tashi ta tsaya a tsakiya. Baba ya zuba mata ido kamar ya ga kububuwa.

"Ta tashi fa."

"Nan ne gidanta, Baba. Casa'in. Daga tamanin da biyar zuwa casa'in da biyar duk lafiya ce."

"Ta Ɗanliti direba kullum a kwance take a ƙasa."

"An cire wa motarsa abin da ke tsare ruwan ne. Inji mai sanyi ƙalau shi ma ba lafiyayye ba ne. Mutum ma ai da ɗuminsa yake yawo."

"Littafi ya faɗa?"

"Littafi ya faɗa."

"To shi littafin ya taɓa shiga Kurmin Maje?"

Na ƙara riƙe sitiyari.

Bazara ce, daji ya bushe ya yi fari. Na sa giyar ƙarfi, tayoyi huɗu suka kama, muka kutsa cikin gamba wadda ta fi bonet tsawo. Tana karyewa a ƙarƙashinmu ƙaras-ƙaras, fakara na tashi fir daga gefe, zuciyata na tashi tare da su. Allurar mai ta hau a hankali ta zauna a ɗari da biyar, nan ma gidanta ne in ana tafiyar wahala. Sau biyu ina tsayawa in fito da guntuwar tsintsiya in share ƙaiƙayin ciyawa da ya liƙe a ragar lagireto. Baba ya ce shekara hamsin yana farauta bai taɓa ganin an zo daji da tsintsiya ba.

Hantsi ya fara ɗagawa muka sauka Rafin Kanya. Ya ƙafe, sai yashi da wani ɗan kududdufi kore a gindin dutse. Baba ya ɗaga hannu, na taka burki. Ya sauka da ƙyar, ya ɗingisa zuwa bakin ruwan, ya tsuguna a kan ƙafa ɗaya. Sawun yana nan a taɓo, kofato mai tsaga biyu, faɗinsa ya kai tafin hannuna, bakinsa bai riga ya bushe ba. Gaba kaɗan ya tsinci kashi, ya murje shi da yatsa, cikinsa da danshi. A jikin wani marke kuma ɓawo ya saluɓe daidai kafaɗata, inda aka goga ƙaho.

"Gwanki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Namiji, shi kaɗai. Garke ya kore shi. Tsoho ne irina."

Ya ce in zauna a mota. Na dubi dajin, na dubi motar, na ga zama ni kaɗai ya fi ba ni tsoro, sai na kama igiyar Ƙyale-su na bi shi. Ya waiwayo ya harare ni, na yi kamar ban gani ba.

Yana tafe yana ɗebo toka daga wata 'yar jaka yana saki, don ya ga inda iska ta nufa. Muka bi sawun ta cikin kyauro, muka haura wani fako inda ni ban ga komai ba, shi kuwa yana nuna tsakuwar da aka juya da ciyawar da aka gutsura. Gumi ya jiƙa mini hijabi. Ƙarangiya ta cika mini safa. Can sai ya tsaya cak, ya tura ni bayan wani suri, ya nuna mini in danne bakin karen.

Ga shi can a inuwar kaɗanya, kamar taku ɗari da hamsin. Ban taɓa zaton girmansa ya kai haka ba. Ya kusa doki, jikinsa ja-ja mai toka-toka, fuskarsa baƙi da fari kamar an zana, kunnuwa dogaye masu tuntu, ƙahoni masu gwaraza sun lanƙwasa baya. Carki biyu na yawo a gadon bayansa.

Baba ya zaro kan burtu daga jaka, busasshen kan tsuntsun nan mai dogon baki da aka dasa a kan itace, ya ɗaura a goshi. Ya yafa baƙin zane, ya durƙusa. Na ga yadda ya cije leɓe lokacin da gwiwar ta taɓa ƙasa. Ya fara rarrafe yana sunkuyar da kan yana ɗagawa, kamar burtu na kiwon fara. Ya yi gaba, ya karkata, ya yi kamar ya koma, ya sake matsawa. Gwankin ya ɗago ya dube shi, ya kaɗa kunne, ya mayar da kai. Na ƙirga numfashina har ɗari uku na ɓata lissafi.

Adaka ta yi tsawa. Farin hayaƙi ya turnuƙe, carki suka watse, gwankin ya faɗi a kan gwiwoyinsa na gaba. Har na fara hamdala sai ya miƙe. Bai gudu ba. Ya sunkuyar da kai ya nufo hayaƙin, ƙasa na amsawa dididi. Adaka ba ta harbi biyu, Baba kuma ba ya gudu.

Ban san lokacin da na saki igiyar ba. Ƙyale-su ya tafi kamar kibiya ya cafki ƙafar baya. Gwankin ya juya ya shara ƙaho, karen ya yi sama ya faɗo yana kuka, amma juyawar nan ta isa. Baba ya mirgina ta bayansa ya sare agara da barandami. Dabbar ta zube ta gefe, tana huci, jini na fita ta hanci. Ya zagaya ta bayan wuya, ya danne ƙaho ɗaya da ƙafarsa mai lafiya, ya juyar da maƙogwaron gabas, ya yi bisimilla ya yanka.

Da na iso ina kuka, shi kuwa yana zaune a ƙasa, kan burtun ya karkace a goshinsa, yana duba haƙarƙarin karen. Ƙujewa ce kawai.

"Je ki kawo motar," ya ce. "Kuma ki daina wannan kukan, ba a yi wa nama kuka."

Fiɗa ta kai mu har rana ta take tsaka. Ungulaye suka cika kaɗanyar. Muka daddatsa naman, muka loda cinyoyi da karfata da haƙarƙari a baya, muka rufe da ganyen marke, har bayan motar ya zauna. Kan kuwa Baba bai raba shi da fatar ba. Ya jawo shi gaban motar, ya ɗaure ƙahonin a ƙarfen bamba, ya baje ɗanyar fatar tun daga fitila zuwa fitila har kan bonet, ya ja igiya ya tamke.

A garinmu kan babban nama shi ke fara shiga gari, fatarsa a buɗe, don kowa ya ga ramin harsashi da idonsa. Wanda ya shigo da kai a baya ko a rufe, cewa ake yi mushe ya tsinta, ko saya ya yi. Masu babur a kan fitila suke ɗaurawa. Na san da wannan tun ina yarinya, ban dai taɓa haɗa shi da lagireto ba sai da na ga ragar ta ɓace ƙarƙashin fata.

"Baba, ta nan fa take shan iska."

"In kin yi gudu iskar za ta sami hanya."

Mutumin da ya gama kayar da gwanki da barandami, ni wace ce? Na shiga na tayar.

Babu wani gudu a Rafin Kanya. Yashi ya riƙe tayoyin, ga nauyin nama, ga ranar bazara a tsakar ka. Injin na gurnani, motar na tafiyar hawainiya. Allurar ruwa ta bar casa'in ta hau casa'in da biyar. Ta hau ɗari. Muka fito daga yashin muka kama hawan tudun da ke bayan rafin, ta mai ta wuce ɗari da goma sha biyar. Na miƙa hannu na kunna hita har ƙarshe, don littafin ya ce tana ɗebe wa inji zafi. Iska mai ƙuna ta bugo mana fuska.

"Wuta kika kunna mana? A bazara?"

"Gara mu mu dahu da ita ta dahu."

Bai taimaka sosai ba. A kan tudun ta ruwa ta taɓa ɗari da goma, saura ƙiris ta shiga ja, ta mai tana ɗari da ashirin da biyar. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya shigo ta taga. Na juya hancin motar wajen da iska ke busowa, na tsaya, na bar injin yana aiki a hankali.

"Kashe ta mana."

"In na kashe fanka ta tsaya, ruwan ya daina zagayawa, zafin ya taru wuri ɗaya."

Bai saurare ni ba. Ya sauka, ya ɗingisa baya, ya sauko da jarkarmu, ita kaɗai ce kuma saura rabi. Na fito da gudu na riga shi gaban bonet, na kama hannun jarkar. Tunda aka haife ni ban taɓa jan abu da mahaifina ba.

"Saki."

"Ba zan saki ba, Baba."

"Ke uwata ce a suna fa, ba a gaske ba."

"Yau dai har a gaske." Muryata ta fito siririya kamar ta sauro, amma ta fito. "Ruwan nan ne ya kira tarakta bara. Bana fatar nan ce za ta kira ta. A cire ta."

"In shiga da shi a baya, Jatau ya ce mushe na tsinta? A gaban Sa'adu? Na rantse gara motar ta ƙone."

"In ta ƙone jawo mu za a yi."

"A jawo mu da kaina a gaba."

"In aka jawo mu, Baba, tarakta ce za ta fara shiga gari, ba gwanki ba."

Ya dube ni. Ƙudaje na ta bin fatar, injin na ta ƙwanƙwasa a ƙarƙashinta, wani ruwa kore ya fara ɗiga a ƙasa tsakanin ƙafafunmu. Na ɗauka mari ne zai biyo baya, har na runtse ido ɗaya. Sai na ji jarkar ta yi mini nauyi. Ya saki.

"Ni dai ban kwance ba," ya ce, ya juya mini baya ya tafi gindin wata ƙirya ya zauna.

Ƙullin maharbi ba ya kwantuwa da farce, da haƙori na kwance shi. Na janye fatar, zafi ya bugo ni kamar an buɗe tanda. Ragar ta toshe da gashi da busasshen jini da ƙaiƙayi. Na sa tsintsiya na bi ta layi-layi, fanka na zuƙar iska ta tsakanin yatsuna. Da na leƙa ciki allurar ruwa ta fara saukowa, ɗari da biyar, ɗari, casa'in da biyar.

"To ta sauka," Baba ya ce daga inuwa. Ashe yana kallon fuskata. "Mu tafi kafin naman ya lalace."

"Ta mai ba ta sauka ba. Ruwa saurin fushi gare shi da saurin hucewa. Mai shi ne mai riƙo."

"Kamar wata da na sani."

Muka jira. Muka yi taimama muka yi azahar, don ban yarda a taɓa jarkar ba sai kurɓi ɗai-ɗai da ɗan abin da na zuba wa karen a tafin hannu. Da ta mai ta dawo ƙasa da ɗari da goma na kashe injin, na bar shi ya huce har na iya ɗora hannu a kan murfin lagireto. Na naɗe shi da tsumma na murɗa a hankali, ya yi tsaki ya yi shiru. Na tayar da injin na riƙa ɗura ruwan kaɗan-kaɗan. Kusan kofi shida ya sha.

Da na zo ɗaukar kan in kai baya Baba ya riga ni. Ya shiga gaba ya zauna, ya ɗora shi a cinya, ya naɗe fatar a ƙafafunsa, ƙaho ɗaya ya leƙa ta taga.

"A baya dai ba zai zauna ba."

Haka muka taho, ƙudaje sun cika motar, idon gwankin na kallona duk lokacin da na canja giya. Allurai biyun suka zauna a gidajensu har muka hau jan titi. Ni kuwa ina ta tunanin abin da za a ce a tasha, don kai a cinya ba kai a gaba ba ne, kowa ya sani.

La'asar sakaliya muka iso 'yar gadar da ke bakin gari. Baba ya ce in tsaya. Ya sauka ya warware rawaninsa ya naɗa gammo, ya rataya adaka.

"Ɗora mini."

"Baba, gwiwarka. Daga nan zuwa gida fa sai an wuce tasha da kasuwa."

"Kafin a yi mota a ka ake kawo shi. Ke kin yi naki taurin kan, bar ni in yi nawa. Ɗora mini."

Da ƙyar na iya ɗaga shi. Ya zauna a kan gammon, ƙahonin sun yi sama, fatar ta baje a bayansa har ƙwauri, ramin harsashin na nan a bayan karfata, rana na ratsa shi.

"Ki biyo ni a hankali. Kada ki wuce ni, kada ki fito."

Ya fara tafiya. Taku ɗaya mai kyau, ɗaya ja. Na sa giya ta ɗaya na bi shi, Ƙyale-su na gefensa shi ma yana ɗingishi. Masu faci suka fara miƙewa, sai masu rake, sai matan da ke dawowa daga rijiya suka tsaya da bokitai a ka. Yaran da suka saba rera masa waƙar tarakta suka biyo mu shiru. Daidai teburin mai shayi gwiwar ta lanƙwashe, ya kai ƙasa da ita. Na kama marfin ƙofa. Bai waiwayo ba, ya ɗaga mini yatsa ɗaya kawai. Ya dogara da gindin adaka ya miƙe, kan bai faɗo ba.

Jatau na zaune a bencin tasha da 'yan farautarsa. Ya tashi ya zagaya bayan Baba, ya sa yatsa a ramin harsashin, ya duba sarar agarar a fatar ƙafa, ya leƙa bayan motarmu kamar mai neman wani abu a hanya. Babu komai sai mu. Al'ada ce Sarkin Baka ya sauke wa maharbi kaya da hannunsa, don haka ya gyara hula ya miƙo hannu biyu.

"Sannu, Tunau. Kawo in sauke maka."

"Bar shi, Jatau, kada ya ɓata maka riga. Ba nan zan sauke ba."

Ya raɓa shi ya wuce. Muka ratsa kasuwa, muka shiga lungunmu, jama'a na biye. Yaya Sa'adu na tsaye a ƙofar gida, waya a hannu, bakinsa a buɗe. Baba ya tsaya a gabansa, gumi da jinin gwanki na gangaro masa ta gemu, ƙafar na rawa kamar kara a iska. Ya sunkuya ya ajiye kan a dokin ƙofa da kansa. Sannan ya zare adaka daga kafaɗa ya miƙa wa Yaya.

Yaya ya karɓa da hannu biyu, ya dube ni, ya dubi bindigar.

"Riƙewa na ce ka yi," in ji Baba. "In yi alwala ka ba ni abata."